Akwatin da Ya Rabu da Jitarsa: Nazari kan Amfilifaya Mai Bawul a Hanyar Agege

Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa farkon shekarun 1970, kusan duk sautin jitar lantarki da ya tashi a gidajen rawa da filayen biki na Legas ta cikin amfilifaya mai bawul ya biyo. Akwati ne mai nauyi, mai zafi, mai son lallaɓa, wanda sai an kunna shi an jira ya ɗumama kafin a ji ko da tari daga bakinsa. Titin Agege Motor Road, wanda ya taso daga wajen Jibowu ya ratsa Mushin da Oshodi da Ikeja har ya dangana da Agege, ya ga wucewar irin waɗannan akwatuna ba adadi a bayan motocin makaɗa. A gida mai lamba 14 a kan wannan titi Fela Anikulapo Kuti ya kafa Kalakuta, wadda sojoji suka ƙona ranar 18 ga Fabrairu, 1977. A can ɗaya ƙarshen titin kuwa akwai Zangon Agege, ɗaya daga cikin tsofaffin matsugunan Hausawa a Legas. Wannan nazari zai bi diddigin yadda aka ƙera na'urar da abin da kowa ya nema a cikinta, domin Bature ya nemi wani abu, Bayarabe ya nemi wani, Bahaushen Agege kuwa ya karɓi akwatin ya bar musu jitar.

Zuciyar na'urar ita ce bawul, 'yar kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta aka liƙe bakinta. A cikinta akwai siririn zaren waya da ake ba wuta bolt 6.3 domin ya gasa wani ɗan bututun ƙarfe har ya yi ja. Idan bututun ya yi zafi sai ya fara fitar da ƙwayoyin lantarki, su kuma su ruga zuwa wani farantin ƙarfe da ke kewaye da shi, wanda aka ɗora wa wuta mai ƙarfi, daga bolt ɗari biyu har zuwa fiye da ɗari huɗu. John Ambrose Fleming ne ya fara haɗa irin wannan bawul a Ingila a 1904. Bayan shekara biyu Lee de Forest na Amurka ya saka wata 'yar raga ta waya tsakanin bututun da farantin, kuma wannan ragar ita ce sirrin duka. 'Yar wutar da ba ta kai ko bolt ɗaya ba, idan ta hau ragar, tana iya rage ko ƙara babbar wutar da ke wucewa, kamar yadda mai ban ruwa a Kadawa ke ɗaga 'yar ƙofar kwalbati da hannu ɗaya ya saki ruwan da zai shayar da kadada guda. Motsin tsirkiyar jita shi ne hannun; wutar da ke fita zuwa lasifika ita ce ruwan.

Bawul ɗaya ba ya isa. Sautin da ya fito daga jita yakan fara shiga ƙananan bawul, galibi samfurin 12AX7 na kamfanin RCA, wanda a Turai ake kira ECC83. A nan ake ɗaga shi, a nan kuma maɓallan gyaran murya suke, na kauri da na tsakiya da na siriri. Daga nan sai manyan bawul masu ba da ƙarfi: 6L6, wanda RCA ta fitar a 1936, da ƙanensa 6V6 a kayan Amurka, sai EL84 da EL34 na Philips da Mullard a kayan Turai. Yawanci bibbiyu ake haɗa su, ɗaya ya tura ɗaya ya ja. Amma wutar da ke kansu ta yi wa lasifika yawa, don haka akwai taransifomar fita da ke sauko da ita daidai da lasifika mai om 4 ko 8 ko 16. Akwai kuma taransifomar wuta da ke karɓar abin da ke cikin soket ta ɗaga shi, da wani bawul, kamar GZ34 ko 5Y3, mai juya wutar AC ta koma DC. Waɗannan taransifomomi biyu, tulin ƙarfe da jar waya, su ne suka sa ɗaukar amfilifaya mai wat 30 kacal ke neman ƙarti biyu.

Wanda ya taɓa tsayawa bayan mai gyaran rediyo lokacin da ya zaro cikin tsohuwar Fender ya san abin da ake nufi da aikin hannu. Babu koren allon nan na zamani mai zanen hanyoyin wuta. Wani baƙin allo ne na takardar da aka matse, an huda shi an dasa masa ƙananan zobba na ƙarfe, kowace rasista da kowace kafasita an tura ƙafafunta cikin zobe an ɗiga dalma. Wayoyin sanye suke da rigar zare, rawaya da kore, an murɗa na zaren ɗumama bawul biyu-biyu don kada su jawo gurnani. Ƙura ta toye a kan gilashin bawul, ƙamshin kakin taransifoma na tashi. Gwanin mai gyara, kafin ya sa yatsa, sai ya fara sauke wutar da ta kwana cikin manyan kafasitoci, don ko an zare filogi suna iya riƙe bolt ɗari huɗu, kuma wannan ba wutar wasa ba ce. Kyawun wannan tsari shi ne kowane ɓangare ana iya ganinsa, a auna shi, a cire shi a sa wani. Ba abin mamaki ba ne, tunda wanda ya tsara shi mai gyaran rediyo ne da ya sha wahalar kayan da wasu suka ƙera.

Leo Fender, wanda aka haifa a 1909, ya buɗe shagon gyaran rediyo a Fullerton ta jihar Kalifoniya a 1938. Bai iya kaɗa jita ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Kafin shi an riga an fara: a farkon shekarun 1930 George Beauchamp da Adolph Rickenbacker sun fitar da jitar lantarki irin ta Hawai, wadda ake kwantarwa a cinya ana jan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, kuma tare da 'yar amfilifayarta ake sayar da ita. Fender ya haɗa gwiwa da Doc Kauffman a 1945 suka yi kamfanin K&F, a 1946 ya tsaya da ƙafarsa. Bai ƙirƙiri sabon tsarin wuta ba. Abin da ke cikin littattafan RCA na masu haɗa rediyo shi ya ɗauka ya daidaita da bukatar makaɗi, kuma takardar da ake liƙawa cikin tsofaffin akwatunansa tana ɗauke da bayanin cewa da izinin kamfanonin AT&T da Western Electric aka yi amfani da fasaharsu. Ashe amfilifayar jita jikar wayar tarho ce, 'yar rediyo.

Daga 1948 aka fara lulluɓe akwatunan Fender da wani yadi mai ruwan ƙasa-ƙasa irin na jakunkunan tafiya, kuma a wannan zamani aka yi samfurin da ya fi kowanne tasiri. Bassman ta fito a 1952 domin jitar bas da Fender ya fitar shekara guda kafin nan. Da farko lasifika ɗaya gare ta mai inci 15. A tsakiyar shekarun aka mayar da ita huɗu masu inci 10 na kamfanin Jensen. Samfurin 5F6-A, wanda aka yi daga 1958 zuwa 1960, yana da manyan bawul biyu na dangin 6L6, da GZ34, da ƙarfin da ya kai wajen wat 40. Masu bas ba su ji daɗinta sosai ba, don bayan akwatin a buɗe yake, kaurin sauti na zubewa. Masu jitar gaba ne suka yi wuf da ita. Masu binciken tarihin waɗannan kaya suna gane shekarar kowace ɗaya daga lambobin da ke jikin sassanta: 606 a kan taransifoma na nufin kamfanin Schumacher, 220 a kan lasifika na nufin Jensen, 137 a bayan maɓalli na nufin CTS, sai lambobin da ke biye su faɗi shekara da mako. Wajen 1960 aka bar yadin aka koma ga ledar Tolex, a 1963 fuskar maɓallai ta koma baƙa, a watan Janairun 1965 kamfanin CBS ya saye Fender kan dala miliyan 13, kafin ƙarshen shekarun kuma fuskar ta koma ruwan azurfa.

Abin da ya faru a Ingila ya fi koyar da darasi game da yadda kasuwa ke ƙera sauti. Bayan yaƙi gwamnatin Birtaniya ta taƙaita shigo da kayan Amurka saboda ƙarancin dala, kuma sai a 1959 aka sassauta wa kayan kiɗa. Matasan da ke jin fayafayan Amurka ba su da inda za su sayi Fender, sai 'yan gida suka cike giɓin. A Dartford, Tom Jennings da Dick Denney suka fitar da Vox AC15 a 1958, sannan AC30 a 1959 saboda makaɗa irin su The Shadows suna kukan ihun 'yan kallo na danne su. Bawul huɗu ne na EL84 a cikin AC30, an bar su suna jan wuta sosai ko da ba a kaɗa komai, kuma babu dabarar nan ta mayar da ɗan sauti baya don lafar da shi, wadda Fender ke sa wa manyan kayansa. Sakamakon haka muryarta tana da ƙyalli da kaifi, jikinta kuma yana zafi ƙwarai. Da ita The Beatles suka yi suna.

Jim Marshall kuwa mai ganga ne da ke da shagon kayan kiɗa a Hanwell, yammacin Landan. Ko bayan an buɗe ƙofa, Fender ta yi wa samarin da ke zuwa shagonsa tsada. A 1962 ma'aikatansa Ken Bran da Dudley Craven suka kwance Bassman 5F6-A suka kwaikwaye ta kusan waya da waya, aka sa mata suna JTM45. Sai dai abin da ke kan kantar dillalan Landan suka sa a ciki. A matakin farko suka sa ECC83, wanda ke ninka sauti wajen sau ɗari, maimakon 12AY7 na Fender da bai kai rabin haka ba. Taransifomomin na Ingila ne. Lasifikokin Celestion ne masu inci 12, guda huɗu a rufaffen akwati daban. Daga baya manyan bawul suka koma KT66, sannan EL34. Zane ɗaya, amma murya ta fita daban: mai kaushi, mai saurin dusashewa. A 1965 Pete Townshend na The Who ya matsa aka yi masa mai wat 100. Abin da yau ake yi wa kirari da sautin Ingila, a ganina, rabinsa tsadar dala ce ta haife shi.

Dusashewar nan ita ce mararraba. Idan aka matsa wa bawul fiye da ƙarfinsa, ba ya datse sautin farat ɗaya. A hankali yake danne kansa, yana ƙara masa wasu amo na sama da kunne ke ji kamar kauri da ɗumi. Bawul mai juya wuta ma yakan ɗan yi sanyi idan aka buga tsirkiya da ƙarfi, sautin ya lafa sannan ya taso. A wurin injiniya duk wannan aibi ne, kuma Leo Fender ya yi ta yaƙi da shi, don abokan cinikinsa makaɗan karkarar Amurka ne masu son sauti garau. Twin Reverb ta 1963 ita ce amsarsa: bawul huɗu na 6L6GC, wat 85, lasifika biyu masu inci 12, ya cire bawul mai juya wuta ya sa diyod don kada ƙarfi ya sauka, ya ƙara mata amsa-kuwwa ta hanyar murɗaɗɗun wayoyi irin na kamfanin Hammond. Nauyinta ya kai kilo 30. Amma baƙaƙen makaɗan bulus na Cikago, da samarin Ingila da suka kwaikwaye su, aibin suke so. Tsadar da tsofaffin amfilifayoyi ke yi a Turai da Amurka a yau a kan wannan aibi ta ginu.

A Najeriya kunne ya saba da bawul kafin ya saba da jita. Tun 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa rediyo mai waya a Legas, inda manyan amfilifayoyi a tasha ɗaya ke tura shiri ta waya zuwa akwatunan lasifika a gidajen masu biyan kuɗin wata. Kano ta samu nata a 1944. Masu gyaran da suka koyi aiki a kan wannan da kan rediyoyin Philips da Pye da Grundig su ne suka zama likitocin amfilifayar makaɗa, tunda cikin duk ɗaya ne. Bobby Benson, wanda daga baya ya buɗe Caban Bamboo a titin Ikorodu, yana cikin waɗanda suka fara fito da jitar lantarki a kiɗan hailaif na Legas. A ɓangaren juju, Ayinde Bakare ake dangantawa da fara sa wa jita amfilifaya a 1949.

Christopher Waterman, a littafinsa kan tarihin juju da ya fito a 1990, ya nuna wani abu da ya saɓa wa zaton mutane. Jujun Tunde King na shekarun 1930 kiɗa ne na mutum uku ko huɗu, mai sanyi, don tsirkiya ba ta iya gasa da ganga. Da amfilifaya da makirufo suka zo, sai ya yiwu a shigo da gangan, 'yar'uwar kalangu, da sauran ganguna da 'yan amshi, ba tare da an binne jita da muryar mawaƙi ba. Wato na'urar Bature ce ta buɗe wa gangunan Yarabawa ƙofa. Wannan ya nuna abin da makaɗin Legas ke nema a cikin akwatin: ƙarfi mai tsabta. A ƙungiyoyin Ebenezer Obey da King Sunny Ade jita uku ko huɗu ke saƙa da juna, kowace da nata ɗan zagaye, kuma idan ɗaya ta dusashe saƙar ta dagule. Bukatarsu ta fi kusa da abin da Leo Fender ke nema fiye da abin da Marshall ya sayar. Har ma jitar nan ta Hawai, wadda dominta aka fara ƙera amfilifaya, ta dawo a sabuwar siffa mai fedal a hannun Demola Adepoju cikin ƙungiyar Sunny Ade a ƙarshen shekarun 1970. Samarin bayan yaƙin basasa, irin su BLO da Ofege, waɗanda faifansu na farko ya fito daga EMI a 1973, su ne suka nemi dusasshen sauti, kuma sau da yawa daga 'yar na'urar taransisto da ake takawa da ƙafa suke samo shi.

Kayan kuma jari ne. Shugaban ƙungiya shi ke da amfilifaya, ko wani attajiri ko kamfanin faifai ya saya masa a bisa sharaɗi, yaran kuwa hannu kawai suke kawowa. Wanda ya mallaki akwatin shi ke raba kuɗin liƙi. Fela ya gaya wa marubucin tarihinsa Carlos Moore cewa da Geraldo Pino na Saliyo ya sauka Legas a tsakiyar shekarun 1960, girman kayan sautin mutumin na cikin abin da ya girgiza shi. Akwai kuma batun wuta. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, bolt 230 zuwa 240 mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, alhali Amurka na kan 110 zuwa 120 mai juyawa sau 60. Kayan Ingila irin su Vox da Marshall da Selmer kai tsaye ake soka su. Fender kuwa, in ba irin wadda aka yi don fitarwa waje mai maɓallin zaɓen wuta ba, sai an haɗa ta da taransifomar rage wuta, kuma ko da ita, ƙarfen da aka naɗa don juyi 60 yakan fi zafi a kan juyi 50.

To ina Hausawan Agege a cikin wannan hidima? Goro da jirgin ƙasa ne suka kafa su a nan. Layin dogo ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, gonakin goro suka yawaita a Agege da kewayenta, fatake suka zauna suna saye suna ɗaurewa da ganye suna lodi zuwa Arewa. Cinikin shanu ya biyo baya, ga mayankar Oko-Oba a kusa. Al'umma ce mai Sarkin Hausawanta da malamanta da attajiranta, mai kuɗin da za ta sayi kowace irin amfilifaya da ta ga dama, kuma tana zaune tsakiyar garin da jita ke tashe. Duk da haka jita ba ta zama kayan kiɗan bikinta ba. An saba bayyana wannan da addini kaɗai, amma akwai dalili na fasaha da ba a cika kula da shi ba.

Ƙofar shigar amfilifayar jita an tsara ta ne don fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya aka dasa ƙarƙashin tsirkiya. Fikof ba ya jin sauti. Motsin ƙarfe kawai yake ji. Tsirkiyar goge da ta kukuma kuwa gashin wutsiyar doki ne, maganaɗisu bai san da zamansa ba. Kalangu fata ce da itace. Saboda haka ɗan kukuma, ko ya so, ba shi da abin da zai soka a wannan ƙofa sai makirufo. Gaskiya ne wasu tsofaffin Fender na shekarun 1950 suna da ƙofar makirufo gefen ta jita, kuma ƙananan ƙungiyoyi sun sha tura murya da tsirkiya ta akwati ɗaya. Amma akwatin da bayansa ke buɗe yana saurin yin ƙugi idan makirufo ya matso, lasifikar jita kuma tana yanke siririn amon da ke sa a rarrabe baƙaƙen magana. Ga waƙar Hausa wannan babban rashi ne. Wanda ya zo jin Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos ko Hassan Wayam, kalma ya zo ji: sunan wa aka kama, wa aka yi wa zambo, wace kyauta aka ambata. Idan kalma ta ɓace, kiɗan ya tashi a banza.

Sai kuma dalilin zamantakewa, wanda shi ma gaskiya ne. A idon alhajin Zango, jita kayan otal ce da gidan giya, kuma mai neman a ba shi amanar lodin goro ba ya son a gan shi a can. Taron da ke tara jama'a a unguwa shi ne ɗaurin aure da suna, da kalangu ko amada, da Mauludi, da tafsirin azumi, da wa'azin dare a bakin titi. Dukkansu murya ce ke gaba. Bala Miller ya gwada ɗaya hanyar a Kaduna a shekarun 1970 da ƙungiyarsa ta Great Music Pirameeds of Africa, yana waƙa da Hausa a kan jita da kayan busa, ya kuma yi suna, amma bai bar zuriyar makaɗa masu yawa a wannan layi ba. Abin da Bahaushe ya ɗauka daga zamanin bawul shi ne ɗaya reshen gidan: amfilifayar magana, da makirufo, da lasifika mai bakin ƙaho da ake ɗaurewa a kan hasumiya ko kan rufin mota.

A wannan reshe taransisto ya yi wa bawul kaye cikin sauri, kuma ba don ya fi shi daɗin sauti ba. An ƙirƙiro taransisto a ɗakunan binciken Bell a 1947, ya shiga kayan sauti sosai a shekarun 1960. Ba ya bukatar ɗumama, ba ya bukatar bolt ɗari huɗu, ba ya fashewa idan mota ta faɗa rami. Mafi muhimmanci, amfilifayar magana irin ta Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan tana aiki da batirin mota. Ladanin da ke son kiran asalatu ya fita ko an ɗauke wuta ba shi da abin tattaunawa a nan. Lokacin da waƙar Hausa ta rungumi lantarki gadan-gadan a shekarun 1990, ta hanyar fiyanon Yamaha na situdiyoyin Kano ta shiga, ta tsallake zamanin jita baki ɗaya. Sai an haura Agadas, wurin Buzaye irin su Bombino, ake samun jitar lantarki a tsakiyar biki, kuma su ma ƙananan amfilifayoyi masu batir da janareta ne suka raine su.

Su kansu makaɗan Legas ba su daɗe da riƙe bawul ba, don ƙasar ba ta yi masa adalci. Allon takardar da ke cikin Fender yana shan raɓa, kuma a damunar Legas yakan jiƙa har wuta ta riƙa silalewa ta cikinsa daga zobe zuwa zobe, a ji tas-tas da gurnanin da mai gyara zai yini yana nema. A yawancin Fender bawul a kife suke, kansu ƙasa, zafinsu na hawa cikin sassan da ke sama. Kafasita na bushewa. A wancan lokaci NEPA, hukumar wutar lantarki da aka kafa a 1972, takan kawo wuta ƙasa-ƙasa sannan ta dawo da ita da ƙarfi, ƙaramin janareta ma haka, kuma zaren ɗumama bawul ba ya jure wannan. Idan wayar lasifika ta zare ana tsakiyar kiɗa, taransifomar fita na iya ƙonewa nan take, abin da ba ya damun taransisto. Sannan bawul kansa ya fara wuya: RCA ta daina ƙera irinsa a 1976, masana'antun Turai suka bi sahu. Da tsarin tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira daga 1986, sayen sabon EL34 ya zama abin da sai an yi shawara. Peavey da Roland masu taransisto, sababbi da na gwanjo, suka cika kasuwar Alaba da majami'u.

A waje kuwa labarin ya juya. Abin da aka yar a nan ya zama kayan tarihi a can, Bassman ta 1959 ko JTM45 ta farko ana cinikinta da dubban daloli. Bawul da ake sa musu yanzu daga wurare ƙalilan yake fitowa: masana'antar Saratov ta Rasha, mallakar Ba'amurke Mike Matthews, wadda ke buga sunayen Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol, da JJ Electronic ta Sulobakiya, da wasu a Sin. A watan Maris na 2022, da Rasha ta sa takunkumin fitar da wasu kaya a matsayin martani ga ƙasashen Yamma, farashin bawul ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan kwanaki, makaɗa suka yi ta rububin ɓoyewa.

A ƙarshen tafiyar akwatin a Legas ne hannun Bahaushe ya fi taɓa shi. 'Yan gwangwan da ke tura baro unguwa-unguwa suna sayen mataccen firji da tsohuwar fanka, yawancinsu 'yan Arewa ne, kuma a wurinsu ake sauke abin da aka share daga ɗakin ajiyar otal ko majami'a. Lissafinsu na sikeli ne. Katako da gilashi ba su da kuɗi. Taransifoma ce ke da shi, a sa guduma da kurfi a raba ƙarfen gefe, jar wayar gefe, kowanne da farashin kilonsa. Ita kuwa taransifomar fita ita ce ɓangaren da ya fi wuyar mayewa. Bawul ana sayo sabo, kafasita da rasista ana canzawa, taransifomar wuta ma mai naɗin koyil na fanka da injin ruwa zai iya sake naɗa ta. Amma ta fita an naɗa ta ne hawa-hawa, ana saɓa wayar shiga da ta fita a tsakanin juna bisa ƙididdigar da kowane kamfani ya riƙe, kuma wannan saɓawar ce ke yanke yawan siririn amon da zai wuce zuwa lasifika. Shi ya sa dillalan tsofaffin kaya a Landan da Nashbil ke fara duba lambar da ke jikinta kafin su yi tayi, kuma amfilifayar da aka canza wa ita farashinta kan faɗi ƙasa sosai ko da komai nata na aiki.